Darasi: Rashin Barci da Tabar Wiwi

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so kowane ɗalibi ya iya:

1. faɗin yadda barcin lafiya yake gudana da awa nawa baligi ke buƙata;
2. lissafa abubuwan da suka fi hana mutanen yankinmu barci;
3. bayyana abin da ke cikin tabar wiwi, da abin da take yi wa barci a daren farko da kuma bayan watanni;
4. amsa wa wanda ya tambaye shi wace irin wiwi ce ta fi sa barci;
5. gane lokacin da rashin barci ya kai a je likita.

Shimfiɗa

Duk wanda ya taɓa kwana ido biyu ya san irin safiyar da ke biyo baya. Kai ya yi nauyi, fushi yana kusa, hauya ta gagari hannu. Idan abin ya zama yau da gobe, mutum yakan karɓi duk shawarar da aka miƙo masa. Wata shawara da ke yawo a fada da tashar kabu-kabu, ko a Cadakori ko a Gidan Rumji, ko a Agye ko a Gazawa, ita ce: "Ja ɗan ganye kafin ka kwanta." Wasu har rarrabewa suke yi, su ce akwai mai sa barci, akwai mai sa kuzari, sai dai mutum ya san wadda zai zaɓa. Masu shiga intanet kuma suna cin karo da shagunan ƙasashen waje da ke tallar wannan zance.

Za mu bi maganar daki-daki. Ba don a kunyata kowa aka rubuta darasin ba. Da yawa daga masu shan wiwi don su samu barci mutane ne da wani abu ke ci wa rai, kuma haƙƙinsu ne a yi musu bayani na gaskiya.

1. Yadda barci yake gudana

Barci ba abu guda ba ne tun daga kwanciya har asuba. Zagaye-zagaye yake yi. Kowane zagaye yana ɗaukar kimanin minti 90, kuma a dare ɗaya mutum yakan yi zagaye 4 zuwa 6. A cikin kowane zagaye ana farawa da barci marar nauyi, wanda ko kukan akuya yana iya katse shi. Daga nan a nutse cikin barci mai nauyi. Sannan a shiga barcin mafarki.

Barci mai nauyi ya fi yawa a farkon dare. A lokacinsa ne jiki ke gyara abin da aikin yini ya ɓata. Barcin mafarki kuwa yana ƙara tsawo ne yayin da asuba ke gabatowa, kuma yana da hannu wajen adana abin da mutum ya koya da sassauta abin da ya tayar masa da hankali. Ku riƙe wannan, domin za mu dawo kansa. Baligi yana buƙatar awa 7 zuwa 9. Samari da ƴan mata masu tasowa suna buƙatar awa 8 zuwa 10.

Abu biyu ke kawo barci. Na farko gajiyar da ke taruwa a ƙwaƙwalwa tun daga tashin safe. Na biyu agogon jiki, wanda hasken rana da duhun dare ke saitawa.

> Akwatin kalmomi
> Barci mai nauyi: sashen barcin da ya fi wuyar tayar da mutum daga cikinsa, lokacin da jiki ke hutawa sosai.
> Barcin mafarki: sashen barcin da ƙwaƙwalwa ke aiki kamar a farke, kuma a cikinsa ake yin mafi yawan mafarki.
> Agogon jiki: tsarin da ke cikin ƙwaƙwalwa mai sanar da jiki lokacin barci da lokacin tashi.
> Rashin barci mai daɗewa: kasa yin barci, ko yawan farkawa, aƙalla dare 3 a mako har tsawon wata 3, tare da wahala da rana.

*Misali na 1.* Wani manomi ya kwanta ƙarfe 10 na dare. Barci bai ɗauke shi ba sai ƙarfe 12. Ya farka ƙarfe 2, ya yi awa ɗaya yana juyi, sannan ya koma barci har ƙarfe 5 na asuba. Daga 10 zuwa 5 awa 7 ke nan a kan shimfiɗa. A cire awa 2 na farko da awa 1 na tsakiya, saura awa 4. Ya kwanta awa 7, ya yi barcin awa 4.

2. Abin da ke hana mu barci

Rashin barci yawanci alama ce ta wani abu dabam. Kafin a yi maganar magani, sai a nemo abin da ke jawo shi.

Akwai na yanayi. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin rana a jihar Maradi yakan wuce digiri 40, kuma ɗakin da aka rufa da kwano yana riƙe zafin har tsakar dare. Jiki kuwa sai ya ɗan huce kafin barci ya kama shi. Da damina sauro ne, da zazzaɓin da yake kawowa. Akwai kuma yunwa a watannin da rumbu ya yi ƙasa kafin sabon gero ya nuna.

Akwai abin da muke sha da hannunmu. Shayi, kofi, goro da lemunan ƙarin kuzari duk suna ɗauke da sinadarin kafin, mai toshe saƙon gajiya a ƙwaƙwalwa. Taba sigari ma tana farkar da jiki.

*Misali na 2.* Jiki yana ɗaukar kimanin awa 5 kafin ya fitar da rabin kafin da aka sha. Ɗan kabu-kabu ya sha Nescafé mai kauri ƙarfe 5 na yamma. Ƙarfe 10 na dare rabin sinadarin yana nan a jininsa. Ƙarfe 3 na dare saura kashi ɗaya cikin huɗu. Idan kuma bayan isha'i ya zauna a fada ya sha shayi na ɗaya da na biyu da na uku, ya ƙara sabo a kan tsoho. Wannan saurayi ba shi da cutar rashin barci. Abin da ya sha ne bai sake shi ba.

Akwai ciwo: haƙori, baya, gyambon ciki, tari, yawan fitsarin dare.

Sai kuma wanda ya fi nauyi, wato damuwa da tsoro. Bashin da ya kusa cika, ɗa da ya tafi ci-rani aka daina jin labarinsa, rikicin gida. A yankinmu akwai ƙari a kan wannan. Tun daga 2019 dubban mutane suka tsero daga jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina saboda hare-haren ƴan bindiga, suka shigo jihar Maradi, da yawansu ta gundumar Gidan Rumji. Gwamnati da hukumar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, HCR, sun zaunar da wasunsu nesa da iyaka a wurare uku: Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori. Mutumin da aka taɓa tayarwa cikin dare da ƙarar bindiga, jikinsa yakan ci gaba da gadi ko bayan ya iso inda babu haɗari. Ƙarar babur daga nesa ta isa ta tayar da shi zaune. Idan barci ya ɗauke shi kuma, mafarki ya mayar da shi daren da ya gudo. Wannan ba ragwanta ba ce, ba kuma raunin imani ba ne. Rauni ne da tashin hankali ke bari a zuciya, kuma ma'aikatan lafiya sun san shi.

> Akwatin kalmomi
> Kafin: sinadarin da ke cikin shayi, kofi da goro, mai kore barci.
> Raunin tashin hankali: halin da mutum ke shiga bayan ya ga kisa, hari ko wani bala'i, inda firgita da munanan mafarkai ke dawo masa.

3. Me ke cikin wiwi, kuma iri nawa ce?

Shukar wiwi tana da sinadarai masu yawa, amma biyu aka fi sani. Na farko THC, shi ne mai bugarwa. Masana biyu a Isra'ila, Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni, su suka ware shi a 1964. Na biyu CBD, wanda ba ya bugarwa. Daga baya aka gano cewa ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana da wasu mazaunai na musamman da THC ke kamawa, kuma jiki da kansa yana yin sinadarai masu kama da shi, kaɗan-kaɗan, don daidaita barci, ci da jin zafi. An gano na farkonsu a 1992. Hayaƙin wiwi yana cika waɗannan mazaunai da abin da ya fi ƙarfin wanda jiki ya saba yi.

Ana samun wiwi a siffa uku: busasshen ganye da fure, daskararren ƙaronta da ake kira hashish, da mai. Ƙaro da mai sun fi ganye yawan THC.

To, ina maganar mai sa barci da mai sa kuzari ta samo asali? A 1753 masanin tsirrai na ƙasar Suwidin, Linnaeus, ya sa wa shukar suna sativa. A 1785 Bafaranshe Lamarck ya ga wata daga Indiya, ya kira ta indica. Sunaye ne na siffar shuka da inda ta fito. Ƴan kasuwa ne daga baya suka riƙa cewa indica tana kwantarwa, sativa tana farkarwa. Amma manoman wiwi sun shafe shekaru suna barbarar iri da iri har suka cakuɗe. A 2022 masu bincike a Amurka suka duba sakamakon gwajin samfuri kusan 90,000 daga jihohi 6, suka tarar sunan da ke kan kwali bai nuna ainihin sinadaran da ke ciki. A can ke nan, inda ake da ɗakin gwaji da takarda a jikin kaya.

Ku kwatanta da nan. Abin da ake sayarwa a ɓoye ƙulli ne a takarda ko leda. Mai sayarwa bai san yawan THC da ke ciki ba, mai saye bai sani ba. Ba wanda zai tabbatar ba a gauraya shi da wani abu ba. A Saliyo, abin da ake kira kush ya kashe matasa har shugaban ƙasar ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ƙwaya a Afrilun 2024, kuma gwaji ya nuna ganye ne da aka jiƙa da sinadaran masana'anta masu tsananin ƙarfi. Saboda haka wanda ya ce ya zaɓi "mai sa barci" zaɓen suna ya yi, bai san abin da ya shiga huhunsa ba.

> Akwatin kalmomi
> THC: sinadarin da ke bugarwa a cikin wiwi.
> CBD: wani sinadarin wiwi da ba ya bugarwa.
> Hashish: ƙaron wiwi da aka daskarar, ya fi ganye ƙarfi.

4. Abin da wiwi ke yi wa barci

A nan ya kamata mu tsaya sosai, domin nan ne mutane ke ruɗuwa.

Wanda ya ce wiwi ta sa shi barci a kwanakin farko ba ƙarya yake yi ba. THC yakan gajarta lokacin da mutum ke ɗauka kafin barci ya kwashe shi. Yana kuma rage barcin mafarki. Ga mai fama da munanan mafarkai wannan babban sauƙi ne: ya kwanta, ya tashi, bai ga komai ba. Idan muka musanta masa wannan ba zai ƙara sauraronmu ba, don ya san abin da ya ji a jikinsa. Akwai kuma waɗanda tun daren farko wiwi ke sa musu bugun zuciya da tsoro, barcin ma ya gudu gaba ɗaya.

Matsalar tana zuwa ne da maimaitawa. Idan ana cika mazaunan nan na ƙwaƙwalwa kowane dare, sai ƙwaƙwalwa ta rage yawansu don ta kare kanta. Cikin makonni kaɗan abin da ya isa jiya ba ya isa yau. Mutum ya ƙara. Bincike ya sha nuna cewa masu shan wiwi kullum sun fi waɗanda ba sa sha kukan rashin barci mai daɗi.

Ranar da aka rasa ta kuwa, ko aka yi niyyar dainawa, sai jiki ya tayar da ƙura. Alamomin sukan fara cikin kwana 1 zuwa 3, su yi tsanani a makon farko: kasa barci, saurin fushi, rashin cin abinci, zufa, rashin natsuwa. Barcin mafarkin da aka danne sai ya dawo da ƙarfi, da mafarkai masu tsanani fiye da na da. Mafi yawan alamomin suna lafawa cikin mako 2, amma rikicewar barci da mafarkai tana iya kai wata guda ko fiye.

A daidai wannan gaɓa ne mutum ke cewa: "Ka gani? Ba zan iya barci ba sai da ita." Alhali rashinta ne ke hana shi barcin, ba ciwonsa na asali kaɗai ba. Abin ya yi kama da cin bashin hatsi da damina: tiya ɗaya ta fitar da gida daga yunwar yau, da kaka a biya biyu, rumbu ya ƙare da wuri, baɗi a sake komawa wurin mai bashi tun kafin lokacin bara. Abin da ya hana barcin tun farko kuma, bashi ne ko tsoro ko ciwo, yana nan ba a taɓa shi ba.

Kimanin mutum 1 cikin 10 na masu shan wiwi yakan kamu da jarabarta. Ga waɗanda suka fara tun suna samari adadin ya kai kimanin 1 cikin 6. Wani bincike da aka wallafa a 2019, wanda aka yi a wurare 11 a Turai da Brazil, ya nuna masu sha kullum sun fi waɗanda ba su taɓa sha ba haɗarin taɓin hankali da kusan ninki 3, masu shan mai ƙarfi kullum kuma da kusan ninki 5. Wanda akwai taɓin hankali a danginsa ya fi kowa shiga haɗari. Hayaƙin yana kawo tari mai daɗewa. THC yana ratsawa zuwa ga jaririn da ke ciki, yana kuma shiga nonon uwa. Yana rage saurin kai hannu ga birki, abin da ya shafi duk mai tuƙa babur da fasinjan da ke bayansa.

Amsar tambayarmu ke nan: babu wani irin wiwi da za a zaɓa ya warkar da rashin barci.

> Akwatin kalmomi
> Sabawar jiki: halin da jiki ke kaiwa har abin da ake sha ya daina aiki sai an ƙara yawansa.
> Jaraba: kasa barin abu ko da mutum ya ga yana cutar da shi.
> Wahalar dainawa: alamomin da ke tasowa na ɗan lokaci idan aka bar abin da jiki ya saba da shi.

*Misali na 3.* Mu ƙaddara wani yana sayen ƙulli ɗaya na dala ashirin, wato sefa 100, kowane dare. A wata sefa 3,000, jaka uku. A shekara sefa 36,500, jaka talatin da shida da rabi. Idan sabawar jiki ta kai shi ƙulli uku a dare, kuɗin ya zama sefa 109,500 a shekara. Ku tambayi farashin buhun gero a kasuwarku ta wannan mako, ku raba, ku ga buhu nawa ke nan.

5. Doka da addini

A Nijar dokar da ke hukunta al'amarin ƙwaya ita ce mai lamba 99-42 ta 23 ga Satumba 1999. Ta hana noman wiwi, safararta, sayar da ita, ajiye ta da shanta, kuma hukuncin ya haɗa da ɗauri da tara. Hukumar OCRTIS ce ke farautar masu fatauci. A Maris 2021 ta kama tan 17 na hashish a Yamai. A tsallaken iyaka, a Najeriya, hukumar NDLEA ke wannan aiki tun 1989, kuma can ma haramun ce.

Za ku ji ana cewa ai Turawa sun halatta. Uruguay ta halatta a 2013, Kanada a 2018. A Disamba 2020 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ta cire wiwi daga jerin da ya fi kowane tsanani, amma ta bar ta cikin abubuwan da ake sa wa ido. A Amurka an amince da wani magani na CBD a 2018 don wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu wuyar magani. Magani ne da aka tace, aka auna, likita ke rubutawa. Hukumar magungunan ƙasar ba ta amince da wiwi a matsayin maganin rashin barci ba.

Ta fuskar addini, malaman Musulunci sun haramta shan abin da ke gusar da hankali, kuma limaminku zai yi muku ƙarin bayani.

6. Kada a gudu daga wiwi a faɗa wa ƙwaya

Masu tallar magani a kasuwa suna sayar da diyazafam ga mai neman barci. Tana sa barci, amma jarabarta tana kama mutum da sauri, kuma wanda ya daɗe yana sha idan ya yanke lokaci guda yana iya faɗuwa da jijjiga. Irin wannan sai a hannun ma'aikacin lafiya, a rage a hankali. Tramol, wanda wasu ke sha don ƙarfin aiki, shi kansa yana ɓata barci, yana kuma sa jijjiga. Haɗa waɗannan ƙwayoyi da juna ko da giya yana iya tsayar da numfashi cikin barci. Zaƙami kuwa guba ne.

7. Abin da ke taimakawa

Ga rashin barci mai daɗewa, abin da ƙungiyoyin likitoci ke sa wa a gaba shi ne gyaran al'adun barci da tunanin da ke tattare da shi, kafin a kai ga ƙwaya. Yawancin matakan ba sa cin ko dala.

Mafi muhimmanci shi ne lokacin tashi ya zama ɗaya kullum, ko an yi barci ko ba a yi ba. Mai tashi sallar asuba ya riga ya samu wannan. Ya fita ya sha hasken safe, domin shi ke saita agogon jiki. Ƙailula ta zama gajeriya, kada ta wuce rabin awa, kada kuma ta kai la'asar. Daga azahar a bar kofi, shayi mai ƙarfi da goro. Wannan ne ya fi wuya ga ɗan fada, amma zama da abokai ba dole sai da kofin shayi a hannu ba.

Kada a kwanta sai an ji barci. Idan an yi kamar minti 20 ana juyi, a tashi a zauna cikin duhu ko haske kaɗan, a yi zikiri ko wani abu mai kwantar da rai, sai barci ya zo a koma. Dalili shi ne kada jiki ya saba ɗaukar shimfiɗa wurin tunani. A ajiye waya nesa. A bazara a watsa ruwa a jiki kafin kwanciya, a yayyafa a ƙasa, in akwai tsaro a kwana a tsakar gida cikin gidan sauro.

Damuwa kuwa a ba ta lokacinta da rana. A zauna da wanda aka yarda da shi a faɗi abin da ke rai. Bashi a je a yi maganarsa da mai shi.

Ku riƙe lissafi na mako 2: lokacin kwanciya, lokacin tashi, sau nawa aka farka, me aka sha da yamma. Wanda hannunsa bai faɗa da rubutu ba ya ja layi ɗaya don kowace farkawa. Wannan takarda za ta taimaki ma'aikacin lafiya ƙwarai.

A je likita ba tare da jinkiri ba idan:

- rashin barcin ya wuce wata guda duk da an gwada matakan nan;
- ana minshari mai ƙarfi har numfashi yana ɗaukewa;
- akwai tari fiye da mako 2 da zufar dare da rama;
- akwai yawan fitsari da ƙishirwa;
- munanan mafarkai da firgita suna dawowa bayan wani tashin hankali;
- baƙin ciki ya daɗe, ko mutum yana jin muryoyi, ko yana tunanin kashe kansa. Wannan na ƙarshe a kai shi a ranar, kada a bar shi shi kaɗai.

A fara da cibiyar lafiya ta CSI mafi kusa. Daga can ake turawa asibitin gunduma, ko Maradi in abin ya buƙaci ƙwararru. A faɗa wa ma'aikacin lafiya gaskiyar abin da ake sha da yawansa, domin da wannan zai san yadda zai taimaka.

*Misali na 4.* Wani saurayi ya ce wa wansa: "Yaya, ni fa ba don maye nake sha ba. In ban sha ba, da na rufe ido sai in ga daren da muka gudo."

Wan bai daka masa tsawa ba. Ya ce: "Na yarda da kai, ƙanena. Da farko ta rufe maka mafarkin. Yanzu ƙulli nawa kake sha?"

"Uku. Da ɗaya ne."

"To ka ga ta fara gazawa. In ka bari, makon farko zai yi zafi, mafarkin ma zai ƙaru kafin ya ragu. Haka take yi wa kowa, ba haukacewa kake yi ba. Ka dawo ɗakina da kwana. Gobe mu je likita tare, ka faɗa musu abin da ka gani a daren."

Ku lura da abu uku da wan ya yi: ya gaskata shi, ya faɗa masa wahalar da ke tafe tun kafin ta zo, ya kuma nufi asalin ciwon.

Tambayoyin bita

1. Faɗi sassa uku na zagayen barci. Wanne ya fi yawa kusa da asuba?
2. Wata mata ta kwanta ƙarfe 9, barci ya ɗauke ta ƙarfe 11, ta farka na rabin awa don shayar da jariri, ta tashi ƙarfe 5. Awa nawa ta yi barci?
3. Lissafa abubuwa huɗu da ke hana mutane barci a garinku. Wanne za a iya gyarawa ba tare da kuɗi ba?
4. Mutum ya sha kofi ƙarfe 4 na yamma. Ƙarfe nawa rabin kafin zai rage a jikinsa?
5. Mene ne bambancin THC da CBD?
6. Me ya sa sunan indica ko sativa ba ya nuna abin da wiwi za ta yi wa barci?
7. Bayyana da kalmominka: sabawar jiki, jaraba, wahalar dainawa.
8. Me ya sa mafarkai ke ƙaruwa idan mai shan wiwi ya daina? Tsawon wane lokaci hakan ke iya ɗauka?
9. Wace doka ce ta hana wiwi a Nijar, kuma a wace shekara aka yi ta?
10. Me ya sa bai kamata wanda ya daɗe yana shan diyazafam ya yanke lokaci guda ba?
11. Faɗi alamomi uku da ke nuna lokacin zuwa likita ya yi.
12. Aikin rukuni: ku kasu biyu-biyu. Ɗaya ya zama uwa ko uba, ɗaya ya zama ɗan da ya ce wiwi ce kaɗai ke sa shi barci. Ku yi hirar, sannan ku sauya matsayi.